Bakin da ya ce "Allah ya isa" shi ne ke roƙon jinƙai

Makon jiya na je zaman makoki a wata unguwa bayan Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina. Marigayin ɗan ikilisiyarmu ne, mai sana'ar hatsi. 'Yan bindiga ne suka tare motarsu a hanyar Jibiya suka harbe shi. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, autar ko yaye ta ba a yi ba.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida maza na zaune, 'yan zumuntar mata kuma na ciki suna waƙa ƙasa-ƙasa. Da muka shiga yi wa matar gaisuwa, sai muka tarar ta jingina da bango, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ba kuka take yi ba. Magana ɗaya take ta nanatawa: "Allah ya isa. Allah ya isa tsakanina da su."

Wani matashin mai wa'azi da ke gabana ya durƙusa ya ce mata, "Mama, ki daina faɗin haka. Mu a zamanin alheri muke. Allah mai hukunci na Tsohon Alkawari ne, namu Allah na ƙauna ne." Ta ɗaga ido ta dube shi, ta yi shiru, kuma har muka fito ba ta sake buɗe baki ba.

A waje kuma wani dattijo ya karkato ya raɗa mini cewa ai dama gidan akwai abin da ke bin su. Wai mahaifin marigayin ya yi tsafi a ƙauye kafin ya tuba, kuma Littafi ya ce alhakin iyaye na bin 'ya'ya har tsara ta huɗu.

Cikin rabin awa, a gida ɗaya, na ga an ɗaure wa Allah hannu a ɗaki, an kuma damƙa masa bulala a ƙofar gida. Duka biyun a kan mace ɗaya suka sauka, wadda ko kwana uku ba ta yi da rufe mijinta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A hanyar komawa, ɗan ƙanwata da na goya a babur ya ce, "Kawu, ni fa abin nan ya daɗe yana damuna. Nan a ce Allah mai jinƙai ne, can a ce ya hallaka gari sukutum. Anya Littafin nan ba ya karo da kansa kuwa?"

Tambayar yaron ce ta sa na zauna na rubuta wannan. Matsayina shi ne: hukuncin Allah da jinƙansa a cikin Littafi Mai Tsarki ba kishiyoyin juna ba ne. Wanda ya cire hukunci ya zalunci wanda aka zalunta, wanda ya cire jinƙai ya rufe wa kansa ƙofa. Amma ba a kan sikeli ɗaya suke daidai wa daida ba, jinƙai ya rinjaya nesa ba kusa ba. Akwai kuma wuraren da ke da nauyi, zan zo kansu, ba zan tsallake ba.

Ba a ɓoye abin ba, a aya ɗaya aka ajiye shi

Masu cewa sun gano karo suna magana kamar wani ɓoyayyen kuskure suka tono, ɗaya a farkon littafi ɗaya a ƙarshe. Su buɗe Fitowa sura 34, aya 6 da 7. A nan Allah da kansa yake gaya wa Musa ko shi wane ne. Ya ce shi mai jinƙai ne, mai alheri, mai jinkirin fushi, mai gafarta mugunta da laifi da zunubi, mai nuna ƙauna ga dubbai. Bai ko sauke numfashi ba ya ƙara da cewa ba zai kuɓutar da mai laifi ba, kuma zai bi alhakin iyaye a kan 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu.

Wanda ya rubuta wannan ya ga ɓangarorin biyu sarai, kuma ya jera su da gangan. Mai son ɓoye saɓani ba ya haɗa shi a layi ɗaya.

A duba kuma lokacin da aka faɗi maganar. Sura biyu kacal kafin nan, mutanen da aka fito da su daga bautar Masar suka narka 'yan kunnensu suka ƙera ɗan maraƙin zinariya suka yi masa sujada. Mutum wajen 3,000 suka mutu a ranar. Al'ummar kuwa ba a shafe ta ba, aka sake sassaƙa allunan dutse, aka sabunta alkawari. Wato a lokacin da aka fi cancantar a kore su, a lokacin ne ya gabatar da kansa da kalmar jinƙai.

Sai lissafi. Hukunci tsara uku zuwa huɗu, ƙauna ga dubbai. Maimaitawar Shari'a 7:9 ta fito da shi fili ta ce tsara dubu. Ko yaron da ke tallar gyaɗa ya san huɗu da dubu ba su haɗa hanya ba.

"Ai wancan Allahn Tsohon Alkawari ne"

Abin da matashin nan ya gaya wa matar marigayi ba sabon abu ba ne. Tun ƙarni na biyu wani mai suna Markiyon, mutumin garin Sinob a bakin Baƙin Teku cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya zo Roma da wannan koyarwa. Ya ce Allahn Yahudawa daban, Uban Yesu daban. Ya yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya riƙe Bisharar Luka da ya yanke wa wasu sassa, da wasiƙun Bulus guda goma. Ikilisiyar Roma ta fitar da shi a shekara ta 144. Abin da aka ƙi tun shekaru fiye da 1,800, shi ne yau yake yawo a wayoyin yaranmu kamar sabon wahayi.

Kuma maganar ba ta tsayuwa ko a gwajin farko. "Ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka" daga Littafin Firistoci 19:18 Yesu ya ɗauko ta. Kayinu da ya kashe ƙanensa Habila, Allah ya kore shi daga gona, sannan ya sa masa alama don kada kowa ya kashe shi. A Yusha'u sura 11 za ka ji Allah yana magana kamar uwar da ɗanta ya gagare ta amma ta kasa sallama shi, yana cewa ƙaƙa zai rabu da Ifraimu, wato mutanen Isra'ila, zuciyarsa tana juyawa a cikinsa. Littafin Makoki, wanda aka rubuta a kan tokar Urushalima, shi ne ya ce jinƙan Ubangiji sababbi ne kowace safiya.

A Sabon Alkawari kuma, wa ya ce gara a rataya wa mutum dutsen niƙa a wuya a jefa shi teku da ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe? Yesu ne. Wa ya ba da labarin ranar da za a ware tumaki da awaki, a tambayi mutum me ya yi wa mayunwaci da baƙo da ɗan kurkuku? Yesu ne, a Matiyu 25. Hananiya da matarsa Safiratu da suka yi ƙarya a kan kuɗin fili suka faɗi matattu, a Ayyukan Manzanni sura 5 suke, bayan tashin Almasihu.

Wanda ya raba Littafin gida biyu, fushi a nan ƙauna a can, bai karanta ko ɗaya daga cikin gidajen ba.

Alhakin iyaye

Yanzu ga dattijon da ya yi mini raɗa. Shi ma da ayarsa a hannu. Amma akwai wata da ta tare masa hanya: Ezekiyel 18:20 ta ce wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba ba zai ɗauki na ɗa ba. Mutanen zamanin Ezekiyel suna da karin magana, wai iyaye suka ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Da a nan ne da tsamiya za mu ce. Allah ya ce kada a ƙara yin wannan karin magana a Isra'ila.

To wanne za mu ɗauka, Fitowa ko Ezekiyel?

Duk wanda ya tashi a babban gida ya san amsar. A gidanmu na ƙauye, kaka da 'ya'yansa da jikoki har da tattaɓa kunne, ƙofa ɗaya suke shiga, rumbu ɗaya suke ɗiba. Tsara huɗu ke nan a inuwar mutum ɗaya. In maigida ya sayar da gonar gandu ya kai kuɗin gidan giya, wa zai kwana da yunwa? Jikan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaron ya sha wahalar abin da kakansa ya yi, wannan gaskiya ce da muke gani da ido. Amma ba wani alƙali mai hankali da zai ce yaron ne ya sayar da gonar.

Fitowa tana faɗin yadda ɓarna ke malala a cikin gida muddin masu gidan suna bin sawun juna. Shi ya sa a sura 20 aka ƙara da cewa a kan waɗanda suke ƙina. Ezekiyel kuma yana faɗin wanda za a tuhuma a gaban shari'a. Bahaushe ma ya riga ya yanke: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Yesu ya rufe wannan ƙofar da kansa har sau biyu. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya ko shi ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. Da aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, sai ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kada su zaci waɗannan sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Ya juyo da maganar kan masu tambaya, ya ce su su tuba.

Saboda haka Baba, da girmanka da furfurarka, abin da ka faɗa a ƙofar gidan nan ba daidai ba ne. Wanda ya ja kunamar bindiga shi ke da alhakin jinin nan. Ɗora shi a kan tsohon da ya daɗe a kabari, wanke mai kisa ne.

Wa ke amfana in aka ce babu hukunci?

Nan ne zan daɗe, don nan ne abin ya fi yi mini ciwo.

Na lura waɗanda hukuncin Allah ke ba wa kunya galibi mutane ne da ba a taɓa ƙona musu rumbu ba. Je ka Batsari ko Safana ko Faskari, ka sami wanda aka kore wa shanun noma, aka ɗauke masa 'ya, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, sannan aka miƙo masa gawa. Ka ce masa Allah ba ya hukunta kowa, ka ga ko zai ji daɗi. A kunnensa abin da ka faɗa shi ne: abin da aka yi maka bai dami kowa ba, har can sama.

Matar nan ba ta da lauya. Ba ta san sunan wanda ya harbe mijinta ba, kuma da wuya a taɓa gurfanar da shi a kotu. Kotu ɗaya ta rage mata, kuma "Allah ya isa" ita ce takardar ƙararta. Wannan ce matashin nan ya fizge daga hannunta da sunan alheri.

Littafi bai hana ta ba. A Luka 18 Yesu ya ba da misalin wata gwauruwa da ta dinga zarya wurin alƙalin da ba ya tsoron Allah ba ya ganin girman mutum, tana cewa ya bi mata hakkinta, har ya gaji ya bi mata. Yesu ya ce balle Allah, ba zai bi wa zaɓaɓɓunsa hakki ba, su da ke yi masa kuka dare da rana? A Wahayin Yahaya 6:10, rayukan waɗanda aka kashe suna kira da ƙarfi, suna tambaya sai yaushe za a yi shari'ar jininsu. Ba a tsawata musu ba. Fararen riguna aka ba su, aka ce su ɗan ƙara jira.

Za a ce mini, ina batun gafara? Ba Yesu ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu ba? Ya faɗa, kuma ban rage ko wasali ba. Amma a dubi yadda Bulus ya gina maganar a Romawa 12:19. Ya ce kada ku yi ramuwa da kanku, ku bar wa fushin Allah wuri, domin a rubuce yake ramuwa tasa ce. Dalilin da zai sa in ajiye adda shi ne na tabbata akwai mai shari'a. In ka gaya wa ɗan marigayin, mai shekara goma sha shida, cewa babu hukunci a sama kuma babu a ƙasa, me ka bar masa in ban da ya nemi bindiga? Mun ga yadda ramuwar gayya ta cinye ƙauyuka da rugage a jihar nan. Wadda ta ce "Allah ya isa" ta miƙa ƙarar inda ya dace, ta cire hannun 'ya'yanta daga jini.

Mu a Katsina mun san yafiyar da ba ta bi ta kan gaskiya ba. A 2019 an yi zaman sulhu da shugabannin 'yan bindiga a ƙananan hukumomin da ke bakin daji. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai a Ƙanƙara, 344 aka sako bayan kwana shida. Ba cewa nake kada a yi sulhu ba, manomin da ke son ya shiga gonarsa da damina ya fi ni sanin darajar kwana ɗaya na lafiya. Abin da nake cewa shi ne kowa ya san bambanci tsakanin wanda ya tuba da wanda ya zo taro da bindigarsa a kafaɗa ya koma da ita.

Tuba a cikin Littafi tana da kama. Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa, ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bayan nan ne Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. Jinƙan da ya sami Zakka, ta aljihunsa ya bi ya isa ga waɗanda ya zalunta.

Wani maƙwabcina Musulmi da muka je gaisuwar tare, da na ba shi labarin abin da ke raina, ya ce su ma a Suratul Hijri, aya 49 da 50, gafara da azaba a jere suka zo. Ban yi mamaki ba. Mutanen garin nan, kowa da addininsa, da baki ɗaya muke cewa Allah ya isa, da shi kuma muke cewa Allah ya yi mana jinƙai, kuma ba wanda ya taɓa jin ya yi tufka da warwara.

Sai dai kuma Yunusa

In na tsaya a nan na yi rabin gaskiya, don jinƙan nan yana iya zuwa inda ba na so.

Nineba babban birnin Assuriya ce, kangonta na nan a tsallaken kogi daga Mosul a Iraƙi. Assuriyawa sun yi suna wajen rashin imani a yaƙi, kuma su ne suka rushe mulkin arewacin Isra'ila a 722 kafin haihuwar Almasihu. Wurinsu aka aiki Yunusa. Wa'azinsa gajere ne: saura kwana 40 a kife Nineba. Mutanen suka tuba tun daga sarki har talaka, Allah ya fasa.

Mai neman karo zai ce to ga shi, ya faɗa bai cika ba. Amma wanda ya yi niyyar hallaka ka ba ya aiko maka da sanarwar kwana arba'in. Ɓarawo ba ya sallama. Uban da ya ce wa ɗansa "in na sake ganinka a bakin rijiyar nan za ka sha bulala", burinsa kada a kai ga bulalar. Irmiya 18:7 da 8 ta shimfiɗa ƙa'idar a fili: in Allah ya yi maganar tumɓuke wata al'umma, ta juyo daga muguntarta, zai janye masifar. Gargaɗin kansa jinƙai ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne fushin Yunusa. Ya ce dama abin da ya sa ya gudu da aka fara aikensa ke nan, ya san Allah mai alheri ne mai jinƙai mai jinkirin fushi. Ayar Fitowa 34 ɗin nan ya karanto wa Allah, amma da ƙorafi. Allah ya amsa masa da tambaya: birnin da ke da mutum fiye da 120,000 da ba su san dama da hagu ba, ga kuma dabbobi da yawa, ba zai ji tausayinsa ba?

Na sa kaina a wurin Yunusa. A ce gobe wanda ya harbe ɗan'uwanmu ya fito daga daji, ya ajiye bindiga da gaske, ya faɗi abin da ya yi, ya mayar da abin da zai iya mayarwa, ya nemi gafara. Littafin da nake riƙe da shi ya ce Allah zai karɓe shi. Ezekiyel 33:11 ta ce Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu. Wannan yana yi mini ɗaci a maƙogwaro, amma ba ni da ikon goge shi, domin ta ƙofar nan ni ma nake fatan shiga.

Jinkiri kuma ba mantuwa ba ne. Nineba ta koma halinta, annabi Nahum ya yi shelar faɗuwarta, kuma a 612 kafin haihuwar Almasihu Babilawa da Mediyawa suka rushe ta. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Wurin da ke da nauyi

Ɗan ƙanwata bai bar ni na sha iska ba. Ya ce, "Kawu, Amalekawa fa?" Yana nufin 1 Sama'ila 15, inda aka umarci Sarki Saul ya hallaka al'ummar Amalekawa, maza da mata da yara da jarirai har da dabbobi. Haka kuma birnin Yariko a littafin Joshuwa.

Akwai abubuwan da ya kamata a sani. Tun a Farawa 15 aka gaya wa Ibrahim zuriyarsa za su jira shekara 400 kafin su shiga ƙasar Kan'ana, domin muguntar Amoriyawa, mazaunan ƙasar, ba ta cika ba tukuna. Maimaitawar Shari'a 12:31 ta ce mutanen ƙasar har 'ya'yansu suke ƙonawa ga gumaka. Rahab, matar da ta ɓoye 'yan leƙen asirin Isra'ila, da gidanta sun tsira a tsakiyar Yariko. Salon maganar yaƙi na wancan zamani ma yana da zuguguwa: Joshuwa 10 ta ce ba a bar kowa ba, amma farkon Littafin Mahukunta ya nuna Kan'aniyawa zaune a garuruwansu, Amalekawa kuma sun sake ɓullowa a sura 30 ta littafin Sama'ila ɗin nan suka kai hari garin Ziklag. Isra'ila kanta da ta bi wannan hanya ba a ɗaga mata ƙafa ba, Urushalima ta ci wuta a hannun Babilawa.

Duk wannan yana rage nauyin, bai sauke shi ba. In na karanta kalmar jarirai a ayar nan, autar marigayin nake gani a bayan uwarta. Ba zan yi wa yaron nan ƙarya in ce abin yana yi mini sauƙi ba.

Abin da ke riƙe ni shi ne Littafin bai hana mutanensa yin gardama ba. Ibrahim ya tsaya a gaban Allah a kan Saduma yana ciniki kamar a kasuwar hatsi a kan adalai nawa za su isa a bar garin, daga mutum 50 zuwa 45, zuwa 40, 30, 20, har 10, kuma ya yi tambayar da ta fi kowace ƙarfi: mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba? Ba a kore shi ba, aka biye masa. Ayuba ya yi gardama, Habakuk ya yi, masu Zabura sun yi.

Abu ɗaya kuma ba na sassautawa a kai. Ba wani Kirista da ke da izinin ɗaukar ayoyin nan ya mai da su takobi. Da Yakubu da Yahaya suka nemi su kira wuta ta cinye wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, Yesu ya juya ya tsawata musu. Da Bitrus ya zare takobi a daren da aka kama Yesu, Yesu ya ce masa ya mayar da shi kube.

Wa ya ɗauki asarar?

Marigayin nan, shekarar da aka yi ƙarancin ruwa, ya ba wani ɗan ikilisiya bashin buhu biyu na gero. Mutumin ya kasa biya, marigayin ya ce ya yafe masa. Buhunan ba su dawo rumbu don an ce an yafe ba. Shi ya ɗauki asarar, iyalinsa suka rage tuwo. Duk yafiyar gaske haka take, akwai wanda ya biya.

Mu Kirista a nan muke ganin gicciye. Bulus ya ce a Romawa 3:26 Allah ya yi haka ne don ya zama mai adalci, ya kuma zama mai kuɓutar da wanda ya ba da gaskiya ga Yesu. Bai ce zunubi ba komai ba ne, bai kuma bar mai zunubi da kayansa ba, shi ya sunkuya ya ɗauka. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu ya fara ne da amsa laifinsa, ya ce mu daidai aka yi mana, sannan ya ce ka tuna da ni. A ranar aka yi masa alkawarin Firdausi.

Shekaranjiya na koma gidan ni kaɗai, da 'yar ledar sukari da sabulu. Jama'a sun watse, an naɗe tabarmin waje. Na same ta tana wanke wa autar kai a bakin rariya. Bayan mun gaisa ta goge hannu da zani ta ce, "Malam, maganar yaron nan ta hana ni barci. Na yi zunubi ne da na ce Allah ya isa?"

Na ce ta aiki babban ɗanta ya ɗauko Littafin babansu. Ya kawo shi, bangon ya sha hannu, da rasiɗin kasuwa a tsakanin shafuka. Na buɗe Luka 18 na karanta mata labarin gwauruwar da alƙali, tun daga aya ta ɗaya har ta takwas. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa yana ji.

Da na gama ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Sake karanta mini wurin da ya ce dare da rana."